Kwarkwatar sama: jirgin katako na Henri Mignet

A shekarar 1934 wani Bafaranshe, Henri Mignet, ya wallafa littafi mai suna Le Sport de l'Air, inda ya bayyana dalla-dalla yadda mutum zai ƙera jirgin sama a gidansa. Jirgin, wanda ya fara tashi ran 10 ga Satumba 1933, kujera ɗaya gare shi. Jikinsa katako ne, fikafikansa an lulluɓe su da yadi, injinsa kuwa na moto ne mai ƙarfin doki 17. Mignet ya raɗa masa suna Pou-du-Ciel, wato kwarkwatar sama. Mutanen Ingila da suka karɓe shi sai suka mai da kwarkwatar ƙuma.

A zamanin da tashi sama yake na soja da attajirai, ga littafin da ke cewa duk wanda ya iya haɗa akwati da ƙusa zai iya haɗa jirgi. Ɗaruruwan mutane suka duƙufa da zarto da manne a gareji da bayan gida, musamman bayan Mignet ya ƙetare tekun da ke tsakanin Faransa da Ingila a Agustan 1935.

A cikin watan nan ne kuma aka yi hatsarin farko da ya ci rai, a Aljeriya, wasu suka biyo baya a Faransa da Ingila. Da yake maƙeran ƴan koyo ne, ɗora musu laifi bai yi wuya ba. Amma gwajin da aka yi a 1936 cikin ramin iska, a Chalais-Meudon da Farnborough, ya nuna aibin yana cikin zanen kansa. Fikafikan biyu, na gaba da na baya, sun kusanci juna ƙwarai. In jirgin ya sunkuya sosai, matuƙi ya ja sanda don ya ɗago shi, iskar da ta kuɓuce daga fiffiken gaba sai ta ɗaga na baya, hanci ya ƙara nutsewa. Ke nan ko wanda ya bi littafin sau da ƙafa bai tsira ba, abin da a ganina ya fi komai ɗaci a labarin.

Hukumomi suka hana shi tashi. Mignet ya gyara fikafikan, sai dai amincin jama'a ya riga ya tafi. Duk da haka Édouard Joly, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙera kwarkwatar, shi ne ya haɗu da surukinsa Jean Délémontez suka fito da Jodel D.9 a 1948. Shi ma katako ne, kujera ɗaya.