Abin da ke cikin tukunyar mai shayi lokacin sanyi

1/ Sanyin bana ba wasa. Da asuba a Tamawa hazo ya rufe hanya, kowa hannu cikin aljihu, teburin mai shayi kaɗai ke da jama'a. To ku matso mu leƙa cikin tukunyar nan, don kusan duk abin da ke ciki baƙo ne da ya sha tafiya. Zare ne, ku biyo ni.

2/ Haɗin dai kun san shi: a daka citta, kanunfari, masoro da ɗan kimba, a zuba a ruwa ya tafasa har ƙamshi ya tashi. Sannan ganyen shayi, sai sukari ko mazarƙwaila. Kakanninmu sun san kayan yajin nan tun kafin shayi ya zo, a kunun tsamiya da fura suke sa su.

3/ Masoro da kimba 'yan kurmi ne, daga dazuzzukan kudu ake kawo su. Fatake ne ke haɗo su da goro su yo arewa, Katsina kuma a lokacin babbar mahaɗar ayari ce tsakanin kurmi da sahara.

4/ Kanunfari ya fi kowa doguwar tafiya. Sunan ma daga Larabci muka aro, ƙaranful. Asalinsa tsibiran Maluku ne a Indunusiya. A ƙarni na 17 'yan Holan suka mamaye cinikinsa, har suna sare bishiyoyinsa a wasu tsibirai don kada farashi ya faɗi.

5/ A 1770 wani Bafaranshe, Pierre Poivre, ya sa aka sato irinsa zuwa tsibirin Mauritius. Daga baya ya isa Zanzibar, inda Sarkin Oman Sayyid Sa'id ya faɗaɗa nomansa a ƙarni na 19. Su wa ke aikin gonakin? Bayi 'yan Afirka.

6/ Turawa ma suna da nasu abin shan na sanyi da irin waɗannan kayan, sai dai nasu da giya. Sunanta rum, daga ragowar ruwan rake ake yinta. Ta samo asali a tsibiran Karibiyan kamar Barbados a ƙarni na 17, a gonakin raken da bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma ke nomawa.

7/ A 1740 wani babban hafsan sojan ruwan Ingila, Edward Vernon, ya ba da umarnin a riƙa sirka ta da ruwa saboda maye ya yi wa matuƙan jiragensa yawa. A Amurka kuwa, in hunturu ya yi, sai su haɗa ta da ruwan zafi, man shanu, sukari, kirfa da kanunfari. Mu dai giya ba tamu ba ce, amma ku lura: rake da yaji iri ɗaya, gumin baƙar fata a ƙasan duka biyun.

8/ Shi kansa ganyen shayi ɗan Sin ne. Ta Maroko ya bazu cikin sahara a ƙarni na 19, Larabawa da Buzaye suka saba mana da shi. Yau ana nomansa a tsaunin Mambila, jihar Taraba.

9/ Citta ma daga Asiya take, amma ta zama 'yar gida. Kudancin Kaduna, wajen Kachiya da Jaba, shi ne cibiyar nomanta a Najeriya. A 2023 wata cuta ta afka wa gonakinta, manoma suka tafka asara, farashi ya yi tashin gwauron zabo. Duk mai sayen citta a kasuwar Dutsin-Ma ko Kurfi ya ji a aljihunsa.

10/ Shi ya sa in kofinka ya yi salam babu yaji, kada ka yi saurin zargin mai shayi da rowa. Matsalar daga gona ta faro. In manomin citta ya gaji ya daina, kofin asubar nan ma sai ya koma na masu hali.

11/ A gidanku me ake sha in sanyi ya kama, kunu ko shayi? Kuma wa ya koya muku haɗin? Ku tambayi tsofaffi tun suna nan, ku zo ku ba mu labari.