Gwanayen Waƙa a Ƙasar Gwandu: Waɗanda Tarihi Ya Riƙe da Waɗanda Ya Saki

A Amurka akwai wata mujalla ta kiɗa da waƙa mai suna Rolling Stone, wadda ta kan jera mawaƙan zamani bisa ga fifiko. A shekarar 2008 ta jera ɗari, ta sa Aretha Franklin a kan gaba, Ray Charles na biye da ita. A shekarar 2023 ta sake jera ɗari biyu, Aretha ɗin dai ita ce ta fari, Fela Kuti da Burna Boy na Nijeriya kuwa suka sami shiga can wajen ƙarshe. Ko wane jeri ya fito, sai gardama ta tashi, don kowa da gwaninsa.

Irin wannan gardama ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. A dandali da tasha da rumfar mahauta an daɗe ana musu ko Narambaɗa ya fi Ɗanƙwairo, ko kuwa Shata ya fi su duka. Amma kafin a tambayi wanda ya fi, akwai tambayar da ta riga ta, watau su wane ne aka ajiye muryarsu har da za a gwada su? Ƙasar Gwandu ta dace da wannan bincike, domin a nan ne alƙalami ya yi ƙarfi ƙwarai, ganga kuwa ta zauna a bayansa.

Garin malamai

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da jama'arsa sun sauka Gwandu a shekarar 1805, shekarar da ƙanensa Malam Abdullahi ya ci Birnin Kebbi. Sa'ad da aka raba kula da ƙasa wajen 1812, yamma ta faɗo hannun Abdullahi, Gwandu ta zama mazaunin mulkinsa har ya rasu a 1829.

Shugabannin jihadi sun yi rubutu a kan kiɗa. A cikin Kitabul Farƙi an lissafa kaɗe-kaɗen sarakunan Haɓe cikin al'adun da a ke zargi. Daga baya Shehu ya sassauta a wasu littattafansa, kamar Najmul Ikhwani, amma Abdullahi ya tsaya a kan tsanani. Abin da aka fi yarda da shi shi ne tambarin yaƙi da na shela, da ɗan abin da a ke bugawa ran biki. Kiɗan nishaɗi da roƙo kuwa ba su sami wannan izini ba.

To, a nan wajibi ne mai karatu ya lura da bambancin kalmomi biyu. Hausa ta raba makaɗi da mawaƙi, ko da ya ke sau da yawa mutum guda ne ya ke ɗauke da sunayen biyu. Malaman Gwandu ba su ƙi waƙa ba. Abdullahi kansa gwanin waƙa ne, littafinsa Tazyinul Waraƙati na 1813 cike ya ke da ƙasidunsa na Larabci. An kuma yi waƙoƙin wa'azi da Hausa da Fulatanci, ana rera su da murya a zaure da makarantar allo. Abin da aka guda shi ne ganga da abin da ke tafe da ita. Saboda haka waƙa ta rabu biyu: wadda aka rubuta da ajami ta shiga gafaka ta tsira, wadda aka yi da baka kuwa ta bi iska.

Misali guda ya isa. Bajamushen nan Barth ya sauka Gwandu a 1853, zamanin Sarki Halilu, ya tarad da kwafin Tarikhus Sudan, tarihin Tambutu da Sanwai, ya zauna yana kwafar abin da ya iya. Garin da ya adana tarihin wata ƙasa mai nisan tafiyar watanni, makaɗan da ke bakin kasuwarsa ba su cikin abin da a ke ɓata tawada a kansu. Wannan jijiya ta rubutacciyar waƙa ba ta yanke ba, har ta kai ga su Alhaji Umaru Nasarawa, Wazirin Gwandu, a ƙarni na 20.

Ma'aunin fada

Da zamani ya miƙa, sarakuna suka koma ga tambari da kakaki da algaita, makaɗa suka sake samun gindin zama a fadoji. Ma'aunin gwaninta a wannan fage a fili ya ke: darajar makaɗi tana bin darajar ubangidansa, da irin abin kiɗan da ya ke riƙe da shi. Taushi da kotso na sarauta ne. Kalangu kuwa asalinsa na mahauta ne da 'yan dambe da 'yan mata, don haka a ke ganin mai shi a ƙasa. Baturen nan M. G. Smith ya bayyana wannan tsari na roƙo cikin wata maƙala a 1957.

In aka duba manyan makaɗan fada na yammacin ƙasar Hausa, sai a ga ko wanne da garin da a ke jingina shi. Ibrahim Narambaɗa na Sarkin Gobir na Isa ne, ya rasu a farkon shekarun 1960. Salihu Jankiɗi Sarkin Taushin Sarkin Musulmi ne, ya rasu a 1973. Musa Ɗanƙwairo na Maradun ya rasu a 1991. Aliyu Ɗandawo ya zauna Argungu da Yawuri, ya rasu a 1966, ɗansa Sani ya gaje shi. Argungu kuwa ita ce gidan Kabawa, waɗanda suka yi ta gwabzawa da Gwandu tun daga tawayen Yakubu Nabame a 1849 har zuwan Turawa. Gidan da ya ke tinƙaho da Kanta da yaƙi, dole ya bukaci mai zuga shi. Gidan da ya ke tinƙaho da Abdullahi da littattafai, abin alfaharinsa na farko malami ne.

Ba wai fadar Gwandu ta rasa makaɗa ba ne. Bayan an mai da ita Birnin Kebbi a farkon zamanin Turawa, ta ga sarakuna masu ƙasaita, kamar Yahaya wanda ya yi sarauta daga 1938 zuwa 1954, da Haruna Rashid wanda ya gaje shi har 1995, ya kuma shugabanci Majalisar Sarakunan Arewa. Dukansu biyu sai da suka riƙe sarautar Sarkin Gobir na Kalgo kafin su hau. Amma duk da haka, sunayen mawaƙan ƙasar da suka fi tafiya nesa ba daga ƙofar fada suka fito ba.

Fagen dambe da bakin kasuwa

Kalgo tana kudu da Birnin Kebbi, kusa da fadama. In kaka ta yi, amfani ya shiga rumbu, samarin wannan yanki su kan fita kokawa da dambe. Daga irin wannan fage Illon Kalgo ya fito, wanda manazarta su ke lissafa shi cikin manyan makaɗan dambe tare da Muhammadu Bawa Ɗan'anace. Sunan garinsa ya manne da nasa, har akwai mutanen da ba su taɓa taka Kalgo ba amma sun san ta ta bakinsa.

Aikin makaɗin dambe ya bambanta da na makaɗin fada. Na fada yana da kwanaki ya shirya waƙa, ya koya wa 'yan amshi. Na dambe kuwa a tsaye ya ke aikinsa, ƙura na tashi, yana duban wanda ya shigo fage, ya tuno ubansa da garinsu da waɗanda ya kashe, watau ya kayar, ya zuba masa kirari nan take har tsuma ta kama shi. Kalangu kuma ya dace da wannan aiki saboda halin harshen Hausa. Ko wace gaɓa ta kalma tana da karin sautinta, ko sama, ko ƙasa, ko faɗuwa. In makaɗi ya matse tsarkiyar kalangu a hammata sai sauti ya hau, in ya saki ya sauka. Ta haka ganga ta kan faɗi taken ɗan dambe, shi kuwa ya ji sunansa tun daga bayan gari.

Na biyu shi ne Muhammadu Gambo na Fagada, ta ƙasar Maiyama, wanda duniya ta sani da Gambo mai waƙar ɓarayi, ya rasu a 2016. Shi ya ɗauki salon yabo da zuga da habaici, irin wanda a ke yi wa sarakuna da jarumawa, ya ɗora shi a kan mutanen da kowa ke la'anta. Malamai sun ƙi abin, masu dukiya sun ƙi, amma kasasuwansa sun shiga ko'ina. Ba a bukatar a yarda da abin da ya waƙe kafin a shaida gwanintarsa ta ba da labari da sarrafa harshe. Shi da kansa ya bar wannan waƙa kafin rasuwarsa.

Ga mai nazarin harshe, waɗannan muryoyi suna da wata daraja ta dabam. Da Hausar yamma su ke waƙa, inda a ke cewa "shina" maimakon "yana", da "munka" maimakon "muka", da "yat tahi" maimakon "ya tafi". Boko ya zaɓi Hausar Kano ta zama ta littafi. Saboda haka faifan makaɗan nan ya zama ma'ajiyar karin harshen da takarda ba ta cika ɗauka ba.

Muryar mata

In tarihi ya yi wa makaɗa maza rowa sau ɗaya, mata ya yi musu sau biyu. Macen da sunanta ya fi tabbata ita ce Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda aka haifa a 1793, ta rasu a 1864. Tana yarinya ta zauna Gwandu tare da mahaifinta, da baffanta Abdullahi ya rasu kuma ta yi masa marsiyya. Ta shirya 'yan taru, inda jajis su ke zuwa daga ƙauyuka su hardace waƙoƙinta, su koma su rera wa mata. Ta wannan fuska, waƙarta ta shiga gidaje da yawa tun babu rediyo. Jean Boyd da Beverly Mack sun tattara ayyukanta sun buga a 1997. Amma Asma'u ta tsira ne don tana da alƙalami.

Sauran mata kuwa waƙarsu tana cikin gida, a jikin aiki: waƙar niƙa, da ta daka, da ta daɓe, da ta reno, da gaɗar 'yan mata, da shantu, da kiɗan ƙwarya ran suna ko biki. Zabiya ta kan fito fili, amma ana dubanta da idon raini. Waɗanda suka yi suna a ƙasa duka, kamar Uwaliya mai amada ta Kano da Barmani Coge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, sun yi shi ne don na'urar ɗaukar murya ta same su. Gwanar waƙar daɓe a wani ƙauyen Kalgo, wadda mata su ke jira kafin a fara aiki, shahararta ba ta wuce katangar unguwa ba. Daɗin daɗawa, injin niƙa ya ture dutsen niƙa, siminti ya ture daɓe. In aikin ya mutu, waƙarsa ta kan bi shi. Abin da Mary Smith ta rubuta daga bakin Baba ta Karo a ƙasar Zazzau, aka buga a 1954, ya nuna yawan waƙoƙin da tsohuwa guda ta kan riƙe a ka.

Na'ura ta zama sabon ubangida

Da aka buɗe gidan rediyon Kaduna a 1962, daga baya kuma kaset ya yawaita, sai ma'auni ya sake. Mamman Shata da kalangunsa, da Ɗanmaraya Jos da kuntiginsa, suka kai inda taushi bai kai ba. Wannan ne ya buɗe wa irin su Illo da Gambo hanya. Sai dai ita ma na'ura tana da zaɓe, kamar yadda alƙalami ya yi a da. Tana zuwa inda mota ke zuwa, tana tsayawa a ƙofar gida ba ta shiga ɗakin mata.

Ke nan duk jerin gwanaye da za a yi, ko a Amurka ko a Gwandu, jeri ne na waɗanda aka ajiye. Ma'aunin da Bahaushe ya sani ba ya ɓata: murya, da azanci, da iya ɗinka magana, da daidaituwa da 'yan amshi, da waƙar da ta kan rayu bayan mai ita. Amma ma'auni ba ya aiki a kan abin da babu.

Aikin da ya rage a fili ya ke. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya tattara tarihin makaɗa da yawa, Farfesa Aliyu Muhammad Bunza, ɗan wannan ƙasa, ya yi wa Narambaɗa littafi guda a 2009. An kafa Jihar Kebbi a 1991, an kuma kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi a 2013, mazauninta na dindindin yana Kalgo. Kasasuwan da suka rage a hannun masu sayarwa suna lalacewa, 'yan amshin da suka bi waɗannan makaɗa suna tsufa, tsofaffin matan da suka yi daɓe da hannunsu suna ƙarewa. In aka ɗauki muryarsu, aka rubuta ta da karin harshen da aka yi ta, na baya za su sami abin da za su yi gardama a kai. In kuwa aka yi jinkiri, za su gaji jeri gajere, su zaci iyakar gwanayen da ƙasar Gwandu ta haifa ke nan. Da ma Hausawa sun ce, tun ran gini ran zane.