Bluebell: Yadda Jama'ar Gari Suka Dawo da Layin Dogon da Gwamnati Ta Rufe

A yankin Sussex da ke kudancin Ingila akwai wani layin dogo mai tsawon mil 11, daga tashar Sheffield Park zuwa garin East Grinstead, inda har yau jiragen ƙasa masu cin kwal suke jigilar fasinja. Ana kiransa Bluebell. Sau biyu hukuma tana rufe shi, kuma ba don jajircewar talakawan yankin ba da tuni ciyawa ta cinye shi.

An buɗe layin a 1882 domin ya haɗa Lewes da East Grinstead. Tun farko an gina yawancin tashoshinsa nesa da ƙauyukan da suke ɗauke da sunansu, don haka da motoci suka yawaita sai fasinja suka yi ƙaranci. A 1955 hukumar reluwe ta ƙasa, British Railways, ta ce asara ta yi yawa, ta rufe shi.

Wata mazauniyar yankin, Madge Bessemer, ba ta yarda ba. Ta koma ta tono tsohuwar dokar majalisa da aka gina layin a kanta, sai ta tarar da sharaɗin cewa dole ne jirage huɗu su bi layin kowace rana, zuwa da dawowa, su kuma tsaya a tashoshin da aka ambata. Ashe rufewar ta saɓa wa doka. Ba yadda hukuma ta iya, ta sake buɗe layin a watan Agustan 1956, amma da ɓacin rai. Jirage huɗun nan kaɗai ta saka, a lokutan da ba su dace da ma'aikata ba, kuma ba sa tsayawa a Barcombe da Kingscote tunda doka ba ta ambace su ba. Daga baya majalisa ta soke sharaɗin, aka sake rufe layin a watan Maris na 1958.

Wannan tirka-tirka ita ta jawo hankalin ƙasa kan layin. A Maris ɗin 1959 wasu ɗalibai matasa suka kira taro, aka kafa ƙungiyar ceto shi. Suna da abin koyi, domin tun 1951 'yan sa-kai ke tafiyar da ƙaramin layin Talyllyn a Wales. Burinsu na farko shi ne a dawo da layin gaba ɗaya, amma aljihu ya gaza, sai suka tsaya kan ɗan yankin da ke tsakanin Sheffield Park da Horsted Keynes. Suka sayi wani ƙaramin kan jirgi mai suna Stepney, ƙirar 1875, da taragai biyu. Ranar 7 ga Agusta 1960 jirginsu na farko ya tashi da fasinja.

Lokacin ya zo musu daidai. Rahoton Beeching na 1963 ya jawo rufe dubban mil na layin dogo a Birtaniya, sannan a 1968 hukuma ta daina amfani da jiragen tururi a manyan layukanta. Injina da taragan da za a yanka a sayar a matsayin tsohon ƙarfe, Bluebell ta ceto da dama daga cikinsu.

Aiki mafi wuya shi ne komawa arewa zuwa East Grinstead. An riga an tsige ƙarafan layin, an sayar da filin ga mutane daban-daban, dole aka bi su ɗaya bayan ɗaya ana saye. A 1994 jirgi ya isa Kingscote. Gaba kaɗan kuma, a Imberhorne, tsagin da aka yanka a tudu domin layin ya ratsa an mayar da shi juji, an yi shekara da shekaru ana zuba sharar gidaje har ya cika. Magoya baya suka yi ta karo-karo, wani fam 10, wani fiye, aka riƙa loda dubban tan na shara a taragai ana fitar da ita ta jirgi. Ranar 23 ga Maris 2013 jirgin Bluebell ya shiga East Grinstead, shekara 55 bayan rufewa, ya sake haɗuwa da babban layin ƙasa.

Har yanzu yawancin masu aikin 'yan sa-kai ne. Tun da asuba wani zai zo ya hura wuta a cikin tukunyar injin, ya jira sa'o'i kafin tururi ya kai ƙarfin ja; wani na zuba kwal da shebur, wani na goge tagulla, wani na jan sandar sigina da hannu. Matashi kan fara da share inji, ya hau matsayin mai zuba kwal, kafin bayan shekaru a damƙa masa tuƙi. Ta haka sana'ar take wucewa daga hannun tsofaffi zuwa na yara, kuma wannan gado ya fi injinan kansu daraja, domin inji ba ya tashi sai da wanda ya san sirrinsa.