Tururuwa a Gona, a Littafi, da Cikin Gilashi

Duk manomin da ya taɓa shanya acca ko dawa bisa falalen dutse a ƙasar Kauru, ya kuma tsaya ya ga yadda tururuwa ke jerin gwano tana ɗebe tsaba ɗaya ɗaya zuwa raminta, ta sheƙe ta, ta fito da ƙaiƙayi ta kewaye bakin ramin da shi, lalle ya riƙi wani babi na ilmin halitta, ko da bai taɓa buɗe littafi ba. Mutanenmu tun kaka da kakanni sun bambanta tururuwa da cinnaka, da kiyashi, da kwarkwasa mai korar mai gida daga ɗakinsa da tsakar dare.

Sanin nan kuwa ya taɓa ceton rayuka, domin a can Arewa inda fari ya fi tsanani, a yunwar Kakalaba ta 1914, haka kuma a Nijar a 2005, mata sun riƙa tona gidajen tururuwa suna kwasar 'yar tsabar da ta tara su dama wa yara, al'amarin da ba a tuna shi sai zuciya ta yi nauyi.

Malamai ma ba su ƙyale ta ba. Sura ta 27 ta Alƙur'ani Mai Girma sunanta ta ɗauka, saboda ƙissarta da Annabi Sulaimanu, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Hadisi ya zo da hani ga kashe ta. Jahizu na Basra kuma, wanda ya yi zamani a ƙarni na 9, ya bayyana a littafinsa na dabbobi yadda take fasa ƙwaya don kada ta tsira a rumbunta, take kuma fito da ita rana idan ta ji danshi.

Amma ajiye ta a ɗaki da gangan, a ciyar da ita don nazari da nishaɗi, a ƙasashen Turawa aka fara. John Lubbock na Ingila ya zuba 'yar ƙasa tsakanin gilasai biyu, ya lizimci kallon abin da ke gudana ciki shekara da shekaru, har wata uwar tururuwa ta rayu a hannunsa daga 1874 zuwa 1888, alhali da ana zaton ajalinta gajere ne ƙwarai. A 1956 Milton Levine ya mai da abin haja a Amurka, ya sayar wa yara da miliyoyi. Asirin kiwon kuwa uwa ce: da ruwan farko take tashi da fiffike, ta sadu da namiji, ta kakkaɓe fiffiken, ta nemi kafa gida ita kaɗai, a nan mai kiwo ke ɗaukarta, ya sa ta a kwalba mai ruwa da toshiyar auduga, ya ajiye a duhu har 'ya'yan fari su ƙyanƙyashe.

A ganina Lubbock bai fi manomin Kauru ido ba. Alƙalami da dogon haƙuri ya fi shi da su. Saboda haka ina roƙon malaman makarantun Kauru da Kafanchan, idan damina ta faɗi suka ga yaro durƙushe bakin ramin tururuwa, kada su kore shi. Su ba shi kwalba da takarda, su umurce shi ya rubuta abin da ya gani da harshensa.