Tashar Tukunus: tarihin garke da tsufan shinge

Kimanin kilomita 20 arewa da Filinge, a ƙasar Kurfai, akwai wata ma'aikatar gwamnati wadda ta girmi Jamhuriyar Nijar kanta. Ita ce tashar gwajin kiwo ta Tukunus. Tun a shekarun 1930 Turawan mulkin mallaka na Faransa suka soma tara shanun Azawak a Filinge domin kyautata irinsu. A 1954 aka mayar da aikin Tukunus, inda aka killace fili mai faɗin hekta sama da 4.400, aka rarraba shi gida-gida da waya mai ƙaya.

Aikin tashar aiki ne na haƙuri. Ana auna nonon kowace saniya, a rubuta uwar kowane maraƙi da ubansa, a ware bijiman da suka fi kyau, a fitar da sauran. Saniya ba ta haihuwar fari sai ta shekara uku ko fiye, saboda haka gyaran iri yakan ci shekaru da dama kafin a ga amfaninsa. Da haka aka samu jan garken nan na Tukunus wanda ya yi suna wajen nono, har makiyaya na ciki da wajen ƙasa suka riƙa neman bijimansa.

Sai dai garke yana sabuntuwa da haihuwa, gini kuwa tsufa kawai ya sani. Waya tana tsatsa, injin ɗago ruwa yana gajiya, rufin ma'aji yana yoyo. Lokacin da tashar ta kai shekarun neman gyara, sai ƙasa ta shiga matsi: farin 1973 zuwa 1974, faɗuwar kasuwar uraniyom a farkon shekarun 1980, farin 1984, matakan tsuke bakin aljihu, sannan karya darajar sefa a Janairun 1994, wadda ta ninka kuɗin kayan gyaran da ake sayowa daga waje. A farkon shekarun 2000, haɗin gwiwar Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai da Jami'ar Turin ta Italiya ya kawo wa Tukunus aikin ɗiban maniyyin bijimai da adana shi cikin matsanancin sanyi. Ci gaba ne babba, amma ya ƙaro wani nauyi, domin irin wannan ɗakin gwaji ba ya jure yankewar lantarki ko ƙarewar sinadarin sanyaya.

Wannan matsala ba ta ƙasashe matalauta kaɗai ba ce. Hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, wadda aka kafa a 1958, ta gina manyan cibiyoyinta da yawa a zamanin tseren zuwa wata. A 2024 wani rahoton majalisun masana kimiyya na ƙasar ya nuna cewa kashi 83 cikin 100 na gine-ginenta sun wuce wa'adin da aka ɗibar musu, ya kuma ba da shawarar a fifita gyara ko da zai jinkirta sababbin ayyuka. Dalilin ɗaya ne a ko'ina: sabon gini yana da bikin buɗewa, gyaran tsoho ba shi da maroƙi.

Darasin da tarihin Tukunus ke bayarwa shi ne tsari ya fara da tambayar abin da ba ya sayuwa idan ya ɓace. Ofis ya rushe, a sake ginawa. Mota ta mutu, a sayo wata. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: shinge ɗaya ya faɗi, baƙon sa ya shiga cikin karsana, aikin shekaru ya gurɓace. Gara ta ci littattafan asali, saniya ta koma saniya kawai, ba mai iya faɗin jininta. Saboda haka shinge da ruwa da littafi su ne farkon abin da kasafin kuɗi ya kamata ya tsare, kowace shekara, ba sai mai ba da agaji ya zo ba.

Malaman makaranta da ƙungiyoyin al'adu kan ƙidaya fadoji da kaburburan sarakuna cikin kayan tarihi. Ya dace su sa Tukunus a wannan lissafi, su kai ɗalibai su ga littafin haihuwar shanu wanda hannaye da yawa suka cika tun 1954.