Babi na Huɗu: Ƙwararrun Haya da Kuɗin Gwamnatin Birtaniya a Lokacin Annobar Korona, 2020 zuwa 2021

4.0 Gabatarwa

Wannan babi zai yi ƙoƙarin nazarin irin kuɗin da gwamnatin Birtaniya ta kashe wajen ɗauko masu ba da shawara daga kamfanoni masu zaman kansu a lokacin annobar korona. Za a taƙaita bayani a kan shirin gwaji da bin sawun masu cutar na Ingila. Manufar ita ce a nuna cewa ba annobar ce ta haifar da wannan dogaro ga ƙwararrun haya ba, tarar da shi ta yi, sannan ta fito da shi fili.

4.1 Yanayin da Annobar ta Tarar

Tun daga shekarar 2010 gwamnatin Birtaniya ta shiga tsuke bakin aljihu. Yawan ma'aikatan gwamnatin tsakiya ya ragu daga wajen 480,000 a 2010 zuwa kimanin 384,000 a 2016. Har ila yau, a 2013 an mayar da aikin kula da lafiyar jama'a a Ingila hannun ƙananan hukumomi, daga 2015 kuma aka fara rage kuɗin da ake ba su domin wannan aiki. Saboda haka, da cutar ta bazu, sai gwamnati ta dakatar da gwajin jama'a da bin sawu a cikin gari ranar 12 ga Maris, 2020, domin kayan aiki da ma'aikata sun yi ƙaranci. Hausawa kan ce ba a fafe gora ranar tafiya, to amma abin da gwamnatin ta tashi yi ke nan.

4.2 Shigowar Kamfanoni

A ranar 2 ga Afrilu, 2020, ministan lafiya Matt Hancock ya yi alkawarin cewa kafin ƙarshen watan za a riƙa yin gwaji 100,000 a kullum. A ranar 28 ga Mayu kuma aka ƙaddamar da shirin gwaji da bin sawu a ƙarƙashin shugabancin Dido Harding. An ware masa fam biliyan 22 a shekarar farko da biliyan 15 a ta biyu, wato biliyan 37 ke nan. Maimakon a ɗora aikin a kan jami'an lafiya na ƙananan hukumomi, sai aka gina shi daga sama. Kamfanin Deloitte ya taimaka wajen tsara cibiyoyin gwaji, su kuwa Serco da Sitel aka ba su kwangilar samar da masu buga waya.

Dokar ba da kwangila ta 2015 ta yarda a tsallake gasa idan akwai gaggawa, an kuwa yi amfani da wannan dama sosai. Ofishin binciken kuɗin gwamnati ya gano cewa zuwa ƙarshen Yuli, 2020, an ba da kwangilolin annoba na fam biliyan 18, daga ciki biliyan 10.5 ba tare da gasa ba. A Fabrairu, 2021, babbar kotu ta yanke hukunci cewa ministan lafiya ya saɓa doka saboda rashin bayyana kwangiloli a cikin kwana 30 da aka ƙayyade.

4.3 Abin da Aka Biya da Abin da Aka Samu

A watan Maris, 2021, kwamitin majalisa mai bin diddigin kuɗin gwamnati, wanda Meg Hillier ke shugabanta a lokacin, ya fitar da rahotonsa. Rahoton ya nuna cewa a farkon Fabrairu shirin yana da masu ba da shawara wajen 2,500, ana biyan kamfanoninsu matsakaicin fam 1,100 a kan kowane mutum a rana, mafi tsada kuma ya kai fam 6,624. Idan aka yi lissafi, wannan ya haura fam miliyan biyu da rabi a kowace ranar aiki. Duk da alkawarin rage su, zuwa Afrilu, 2021, kusan rabin ma'aikatan hedikwatar shirin ƙwararrun haya ne.

Adalci shi ne a faɗi abubuwa biyu. Na farko, ba a kashe kuɗin duka ba, domin fam biliyan 13.5 aka kashe a shekarar farko, kuma mafi yawansu a kan gwaji suka tafi, ba a kan masu ba da shawara ba. Na biyu, ƙarfin yin gwaji ya ƙaru ƙwarai cikin 'yan watanni. Amma babban dalilin kafa shirin shi ne a kauce wa sake kulle ƙasa, sai ga shi an sake kulle Ingila a Nuwamba, 2020, da Janairu, 2021. Kwamitin ya ce bai ga wata hujja bayyananniya da ke nuna shirin ya sauya tafiyar annobar ba. Bugu da ƙari, ƙananan hukumomi irin su Sandwell da Blackburn sai da suka kafa nasu ayarin bin sawu, domin su ne suka san unguwanni da harsunan mutanensu.

4.4 Naɗewa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa asarar ba ta tsaya ga kuɗi kawai ba. Tun a Satumba, 2020, Lord Agnew, wanda minista ne a cikin gwamnatin, ya yi kukan cewa yawan dogaro ga 'yan haya yana hana ma'aikatan gwamnati koyon manyan ayyuka. Abin lura a nan shi ne, ma'aikaci idan ya koyi aiki yakan zauna da iliminsa a ma'aikata, shi kuwa ɗan haya da zarar kwangila ta ƙare sai ya tafi da nasa. A Oktoba, 2021, aka shigar da shirin cikin sabuwar hukumar tsaron lafiya ta ƙasar. Ke nan, kuɗin da aka yi tsimi ta hanyar rage ma'aikata a lokacin zaman lafiya, an biya wani sashe nasu da tsada a lokacin da mutane ke mutuwa.