Karkatar da gilashin kyamara: yadda ake zaɓar wurin da hoton makro zai fito tar

Hoton makro, wanda ake kira macrophotographie da Faransanci, shi ne ɗaukar ƙaramin abu daga kurkusa har ya cika hoto: idon fara, zanen da ke jikin tsabar kuɗi, ɗinkin jakar fata, ko ɗigon raɓa a kan ganye. A ƙa'ida ana cewa an kai makro na ainihi idan siffar abin ta faɗa kan sensar kyamara da girmanta na zahiri, wato 1:1. Babbar matsalar wannan aiki ita ce, duk yadda aka ƙara matsowa, yankin da ke fitowa tar sai ya ƙara sirancewa.

Matsalar siririn fokus

Kowane gilashin kyamara yana fitar da shimfiɗa guda ce kawai tar, abin da ke gabanta da na bayanta kuma ya riƙa yin dishi-dishi. Kaurin wannan yanki shi ne Faransawa ke kira profondeur de champ. A kyamara mai sensa milimita 24 da 36, idan an kai 1:1 kuma ƙofar haske tana kan f/8, kaurin bai wuce kusan milimita 1 ba. A f/16 ya kan kai milimita 2. Ke nan idan kan tururuwa ya fito, ƙafafunta na baya sun ɓace.

Tsuke ƙofar haske yana taimakawa, amma yana da iyaka. A 1:1 hasken da ke isa sensa ya riga ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, kuma idan ƙofar ta tsuke ƙwarai haske yakan bazu a bakinta, sai dukan hoton ya yi laushi.

Ƙa'idar Scheimpflug

A kyamarar da aka saba, gilashi da sensa suna fuskantar juna sak, saboda haka shimfiɗar fokus tana tsaye kamar bango a gaban mai ɗauka. Idan aka karkata gilashin, shimfiɗar ma sai ta karkata. Dokar ita ce: shimfiɗar sensa, ta gilashi da ta fokus, idan aka miƙa su, dukansu za su haɗu a layi guda.

Ƙa'idar ta ci sunan Theodor Scheimpflug, hafsan sojan Ostiriya da ya yi aiki a kan gyaran hotunan da ake ɗauka daga sama domin zana taswira. Ya yi rajistar fasaharsa a Birtaniya a 1904, inda ya ambaci injiniyan Faransa Jules Carpentier, wanda ya riga shi bayyana dabarar a 1901. Har yau likitocin ido na amfani da ita: na'urar Pentacam tana auna gaban ƙwayar ido ne da kyamara mai bin wannan ƙa'ida.

Abin da ya kamata mai saye ya sani shi ne, karkatarwa ba ta ƙara kaurin fokus. Wurin da fokus yake kwanciya kawai take sauyawa. Yankin da ke fitowa tar kuma yakan koma kamar yankan kankana, siriri kusa da kyamara, yana buɗewa can nesa.

Hanyoyi biyu na amfani da ita

Hanya ta farko ita ce a kwantar da fokus a kan abin da ake ɗauka. Misali, giciyen Agadas na azurfa da aka ajiye a tebur. Idan aka ɗauke shi daga sama tsaye, duk zai fito, amma azurfar za ta iya nuna inuwar kyamara, zanen kuma ya kwanta ba armashi. Idan aka ɗauka daga gefe, haske zai fito da sassaƙar maƙeri, sai dai tsakiya ce kawai za ta fito tar. Karkatar da gilashi zuwa ƙasa yana sa fokus ya bi fuskar giciyen daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Ga mai tallar kayan hannu a intanet, wannan ne ke ba mai saye damar ganin ingancin aiki.

Hanya ta biyu ita ce a karkata zuwa ɗaya ɓangaren da gangan. Nan fokus yana yanke abin ne a gicciye, sai siririn layi kaɗai ya rage tar, sauran duka ya narke. Da haka ake jan idon mai kallo zuwa wuri ɗaya, kamar bakin fure ko ƙullin zare guda a saƙa.

A makro akwai iyaka. A 1:1, karkatar da gilashi digiri 8 yana juya fokus ne kusan digiri 16 kawai. Don haka dole kyamarar kanta ta ɗan leƙo abin daga sama, ba a kwance da tebur ba.

Kayan aiki

Tsofaffin manyan kyamarori masu jaka mai naɗewa kamar zugazugin maƙera sun daɗe suna yin wannan. A ƙananan kyamarori, Canon ne ya fitar da TS 35mm a 1973, gilashin da ke karkata kuma yana zamewa gefe. Nikon ya kawo PC Micro-Nikkor 85mm a 1999, mai kaiwa 1:2, wato rabin girman abu. A 2017 Canon ya ƙara guda uku na makro, TS-E 50mm, 90mm da 135mm, su ma 1:2. Da hannu ake saita fokus ɗinsu duka, kuma suna da tsada.

Mai rahusa shi ne Lensbaby, na wani kamfani a Portland ta Amurka da ya fara a 2004. Wasu gilasansa suna ba da da'ira mai tar da ake matsarwa ko'ina cikin hoto, gefenta kuma ya jirkice. Wannan na ado ne, bai dace da hoton da ake son kowane zane ya fito ba. Akwai kuma mahaɗi mai karkata da ake sa tsohon gilashi a kan kyamara marar madubi, da zoben da ake sa wa tsakanin gilashi da kyamara don ƙara kusanci.

Wasu sukan cire gilashin su riƙe shi da hannu a bakin kyamara suna karkatawa. Kyauta ne, amma sensa tana buɗe. A lokacin hunturu da ƙurarsa, wannan ganganci ne, domin a makro kowace ƙwayar ƙura tana bayyana a hoto.

Yadda ake saitawa

Ana kafa kyamara a kan mariƙi mai ƙafa uku, a buɗe ƙofar haske duka, a ƙara girman hoton a allo. Sai a sa fokus a tsakiyar abin, a karkata kaɗan, digiri 1 ko 2, a duba kusa da nesa, a sake gyara fokus. Ana maimaitawa har ƙarshen biyu su fito tare, sannan a tsuke zuwa f/8 ko f/11. Yawancin masu koyo suna wuce gona da iri ne wajen karkatarwa.

Dabarar ta fi dacewa da abu mai shimfiɗaɗɗiyar fuska: tsaba, ganye, fiffiken malam-buɗe-littafi, rubutun allo. Ga abu mai ƙwalo kamar ƙwaro ko dutsen ado, an fi ɗaukar hotuna da yawa, kowanne da fokus dabam, a haɗa su a kwamfuta. Wannan kuma yana bukatar abin ya tsaya cik. Idan iska na kaɗa ganye ko ƙwaron na shirin tashi, karkatarwa ta fi, tun da ɗauka ɗaya ta isa.